Shirin Musamman: Ƙaiƙayin Gaba Da Ya Ƙi Jin Magani

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu taɓo larurar da kunya ke hana mata da yawa faɗa, wato ƙaiƙayin gaba. Idan ya wuce mako 6, likitoci na ɗaukarsa a matsayin mai daɗewa.

Da mace ta fara susa, sai a ce mata sanyi ne, ta nufi kemis. Wani lokacin a dace. Ƙwayar Candida na kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai gudaji, musamman ga mai juna biyu, da mai ciwon sukari, da wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ita kuwa Trichomonas ta hanyar saduwa ake ɗauka, ruwanta na da kumfa da wari. Dole a yi wa maigida da abokan zama magani tare, in ba haka ba ta dawo.

Amma sau da yawa fatar ce ke ciwo. Sabulu mai ƙamshi, tsarki da Dettol, turaren tsuguno da kayan matsi duk suna iya ƙona ta. Ana susa fata na kauri, tana kauri ƙaiƙayi na ƙaruwa, musamman da dare. Bayan ɗaukewar al'ada kuma wurin kan bushe. Akwai wata cuta, lichen sclerosus, mai sa fatar ta yi fari fat, ta yi siriri, tana tsagewa. Idan aka bar ta takan bar tabo, a wasu ƙalilan ma ta rikiɗe zuwa daji.

(Gajeren kiɗa)

A asibiti za a yi tambayoyi, a duba wurin, a ɗebi ruwan a kai gwaji, a auna sukari. Idan fatar ta sauya launi, akan yanki ɗan ƙanƙani a bincika. Sakamakon shi ke nuna magani: clotrimazole ko fluconazole ga Candida, metronidazole ga Trichomonas, man shafawa clobetasol ga lichen sclerosus. Mai ciki kada ta sha fluconazole sai likita ya ce.

A gida, a yi tsarki da ruwa zalla, a tsane jiki, a sa kamfai na auduga.

Iyayenmu mata da 'yan'uwa, ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, ko ya zo da gyambo, kumburi ko jini, a kai shi wurin likitan mata. Maigida, ka ba da izini da kuɗin mota. Allah Ya ƙara mana lafiya. Mu kwana nan.