Hutun bakin teku a Zanzibar: Shirin da ake yi tun kafin sayen tikiti



Duk lokacin da dogon hutun makaranta ya ƙarato, sunan Zanzibar yakan yawaita a bakin iyalan da Allah Ya hore wa halin fita waje. Dalilin a fili yake. Tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, ba a wahalar masallaci ko abincin halal, ga farin yashi da ruwa garai-garai. Sai dai mafi yawanmu da hoton otal muke fara shiri, mu bar maganar lafiya sai daren tafiya. Shawarata ita ce ku juya tsarin. Ku fara duba wanda ya fi rauni a cikinku, jariri ne, mai juna biyu ce, yaro mai sikila ne ko Baba mai ciwon sukari, sannan ku zaɓi wata da gaɓar da za su dace da shi.

Lokaci da wuri

Daga Yuni zuwa Oktoba ba a cika ruwan sama ba kuma zafi da sauƙi, ga shi ya yi daidai da dogon hutun yaranmu. Disamba zuwa Fabrairu akwai zafi sosai. Idan kuka ga otal ya karya farashi a watan Afrilu kada ku yi saurin murna, tsakiyar babbar daminarsu ke nan, wadda ke kamawa daga Maris zuwa Mayu.

Zaɓen gaɓa ya fi zaɓen otal muhimmanci. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye ya yi nisa ƙwarai sau biyu a yini, har mata masu noman ciyawar teku su shiga gonakinsu da ƙafa, bayan wasu sa'o'i kuma ya dawo. Can ne matattarar masu wasan sululu a kan ruwa, waɗanda ke tsayawa a kan allo wata babbar laima mai kama iska tana jan su. Iskar da suke jira takan kaɗa daga Yuni zuwa Satumba, sai kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. Masu hawan igiyar ruwa da allo kaɗai kuwa sai an kai su da kwalekwale can bayan duwatsun murjani, inda igiyar ke karyewa. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa da nisa, ana iya wanka kusan kowane lokaci, amma hakan na nufin zurfi yana kusa da ƙafar yaro. Kowanne daga wuraren nan tafiyar awa ɗaya ce ko fiye a mota zuwa babban asibitin Mnazi Mmoja da ke cikin gari. Wanda ke tafe da mai ciwon da kan tashi ba sallama ya sa wannan a lissafi.

Takardu

Ku ba kanku aƙalla mako shida. Masu fasfo ɗin Najeriya tun daga gida suke neman bizar Tanzaniya, kuma takan ɗauki lokaci. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara domin Najeriya na cikin ƙasashen da cutar take. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai cika sharaɗi ba. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa, ba sai an sabunta ba. Ku je ofishin lafiya na filin jirgi a yi muku allurar da gaske. Katin da aka saya a bayan fage ba ya hana sauro cizo. Mai juna biyu da jaririn da bai kai wata 9 ba ba a cika yi musu ita ba, sai a ga likita ya duba ya ba da takarda.

Daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, aka fara da dala 44 ga mutum ɗaya. Ku duba farashin yanzu, ku karanta abin da ta ɗauka, musamman game da ciwon da mutum ya zo da shi daga gida da raunin wasannin ruwa.

Jakar magani

Nan ne fagena, don haka ku yi haƙuri in ɗan daɗe.

Duk wanda ke shan magani kullum, na hawan jini, sukari, asma ko farfaɗiya, ya ɗauki wanda zai ishe shi kwanakin tafiya da ƙarin mako guda. A sa shi a jakar hannu, domin akwati yakan yi ɓatan kai a Adis Ababa ko Nairobi ya iso bayan kwana biyu. A bar kowane magani a kwalinsa na asali. Al'adar nan ta ɓare ƙwayoyi a zuba a leda ɗaya tana jawo tambayoyi a filin jirgi, kuma idan aka kwantar da mutum babu likitan da zai gane abin da yake sha. Ku nemi likitanku ya rubuta takarda da ainihin sunan kowane magani da adadinsa, saboda sunan kamfanin da kuka saba da shi a Legas ko Abuja ba lallai a san shi a can ba. Magunguna irin su tiramadol da kodin kuwa, kada su shiga kayanku sai da takardar likita, balle idan jirginku zai yada zango a Dubai, inda dokar ke da tsanani sosai.

Insulin ba ya shiga akwatin da za a sa a cikin jirgi, sanyin wurin yana iya daskarar da shi ya lalace. Zafi ma yana kashe shi, don haka kada a bar shi a mota ko a kan yashi. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa 2, tazarar da ba ta da yawa ga yawancin magunguna, amma mai insulin ya tambayi likitansa yadda zai daidaita. Af, kuma mutanen can da Suwahili daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe ɗayansu na safe shi ne bakwai namu. Idan an faɗa muku lokacin shan magani ko tashin jirgin ruwa, ku ce a nuna muku a agogo.

Abin da zan so in gani a jakar kowane iyali bai da yawa: farasitamol na manya da na yara, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki, maganin ƙaiƙayi da borin jini, filasta da bandeji da ruwan wanke ciwo, ɗan hantsaki, da man korar sauro mai sinadarin DEET.

Idan gudawa ta kama yaro, ruwan ORS ne kan gaba, sai zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, ko 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. In ƙunshin ya ƙare, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba a tula ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar tsayar da gudawa, babba ma ya guje ta idan akwai jini ko zazzaɓi. Kasuwar dare ta Forodhani tana da daɗin zagayawa, amma ku ci abin da aka gasa a gabanku yana tururi, ku bar wanda ya daɗe a tire. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan. Idan leɓe ko fuska suka kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take, ƙwaya ba za ta wadatar ba. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ku ku ce alhamdu lillahi kun ƙoshi. A watan Maris na 2024 yara 8 da babba ɗaya suka rasu a yankin tsibirin Pemba bayan sun ci shi.

Game da sauro, zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a Zanzibar amma bai ƙare ba, sannan yankin yana da zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo. Wannan ne ya sa nake cewa idan zazzaɓi ya zo a tsaya kan farasitamol har a yi gwaji. Asfirin da ibufurofen suna iya ƙara zubar jini ga mai dengi.

Rana tana ƙona baƙar fata

Mutane da yawa ba su yarda da wannan ba sai sun ga kafaɗar yaro tana saɓa. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, ga yashi da ruwa suna mayar da hasken, iska kuma tana ruɗar mutum ya ƙi jin zafin. Ku sayi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, a shafa kafin fita, a maimaita duk awa 2 da kuma bayan an fito daga ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa da sutura ne kariyarsa.

'Yan uwana mata, a nan zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Duk mai shafa man bilicin fatarta ta yi laushi, kariyar da Allah Ya yi mata ta ragu, yini ɗaya a bakin teku ya isa ya bar mata tabon da zai yi watanni. Haka wasu magunguna suke sa fata saurin ƙuna, irin su doksisaikilin da ake bayarwa don ƙurajen fuska ko rigakafin zazzaɓi, da sifurofuloksasin, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Kada ku daina shan maganin da likita ya rubuta saboda wannan, ku dai kai wa mai harhaɗa magunguna jerin abin da kuke sha ya duba muku.

Yaro mai sikila yana iya zuwa hutu kamar kowa, amma abubuwa uku ne ke tayar masa da ciwo a irin wannan tafiya: ƙarancin ruwa a jiki, gajiya, da sanyin da ke kama jiki idan an fito daga ruwa iska tana kaɗawa. A riƙa ba shi ruwa tun a cikin jirgi ba sai ya nema ba, wankansa ya zama gajere, tawul da busassun kaya suna jiran sa a gaɓa. Nutso da tulun iska a baya ba nasa ba ne. A ga likitansa kafin tafiya, a taho da takardar da ke bayanin irin jininsa da magungunansa.

Ruwan kansa

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma da yawanmu ba mu iya iyo ba, kunya ce kawai ke hana mu faɗa. Yaro yakan nutse shiru, ba ihu ba fantsama, cikin ɗan lokacin da uwa ta duƙa tana duba waya. A ware babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, idan ya gaji ya miƙa wa wani da baki. "Ai muna nan duka" ita ce maganar da ke sa kowa ya saki jiki. Robar da ake hurawa a sa wa yaro a hannu abin wasa ce. Rigar kariya ta gaske ita ake sawa, kuma duk kwalekwalen da zai kai ku kallon kifaye ko tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, ku ƙirga rigunan da idonku, har da daidai jikin yara, kafin ku biya.

A gabas, ku nemi jadawalin cika da janyewar ruwa a otal kowace safiya, domin lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, kuma ya fi ƙarfi a farkon wata da tsakiyarsa. Mutum yakan bi yashi ya yi nisa, ruwan ya zagayo ta kwaruruka ya tare masa baya. Idan kuma ruwa ya ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Doguwar abaya da zani idan suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka da aka ɗinka don ruwa, a saye su tun daga gida. Matashin da ya dage sai ya koyi wasan allo a kai shi makarantar da ke da malami da jirgin ceto, mai farfaɗiya kuwa kada ya shiga ruwa shi kaɗai ko da iya gwiwa ne.

Kowa ya sa takalmin roba na shiga ruwa saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa a cikin duwatsu. Wanda ya taka ta ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure na rabin awa ko fiye, a cire ƙayoyin da suka fito da hantsaki, waɗanda suka shige ciki ko suke kusa da gaɓa a bar wa asibiti. Idan halittar nan mai yauƙi da ke yawo kamar laima ta harbi mutum, a wanke da ruwan teku ba ruwan famfo ba, kuma kada a murza. Yankan dutsen murjani, komai ƙanƙantarsa, yana saurin ruruwa, a wanke shi sosai da sabulu a riƙa duba shi kullum.

Masu shiga jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kusan awa 2 ce kuma takan yi tangaɗi. Maganin hana amai a sha shi kafin a shiga, amma yawancinsa yana sa barci, don haka wanda ya sha ba ya iyo ba ya tuƙi ranar, kuma kada a ba ƙaramin yaro sai an tambayi adadin. Wanda ya yi nutso da tulun iska ya bar awa 24 kafin ya hau jirgin sama.

Bayan kun dawo gida, duk wanda zazzaɓi ya kama a makonnin farko, ko ciwon ƙafarsa ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka dawo, kada a tsaya sayen maganin zazzaɓi a kemis ba gwaji.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.