Kacala da Tsargiya: Buɗe Hanyar Ruwa don Tsare Lafiya

Yau maganarmu a kan ciyawar ruwa ce, da cutar da ta ke ɓoyewa, da kuma yadda za ku yi da kamfanin da hukuma ta kan ba kwangilar share ta. Wanda ya kawo yaronsa ɗakin shan magani saboda fitsarin jini ko zazzaɓi, to, da shi mu ke musamman. Malamin asibiti zai ba yaron magani ya warke. Amma in mashayar garinku tana nan cunkushe da ciyawa, kafin shekara ta kewayo za ku sake komowa da shi.

Ciyawar ruwa iri uku ce

Akwai mai tsayuwa, saiwarta cikin taɓo, kanta a sama. Babbarsu ita ce kacala, wadda ta kan kai ƙafa goma, har ta ɓoye mutum da jirginsa. Akwai mai shimfiɗuwa bisa ruwa, kamar kainuwa da bado. Sa'an nan akwai mai kwanciya ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinta sai ta naɗe maka ƙafa.

Kada ku ce duk ciyawar ruwa mugun abu ce. Kaɗan daga cikinta tana riƙe gaɓa kada ta zabtare, tana tace ruwa, kifi kuma a cikinta ya ke ƙwai. Yawanta ne ɓarna.

Me ya sa kacala ta yi yawa?

Dattawan ƙasar Haɗejiya da Nguru sun san lokacin da gulbi ya kan cika da damina, ya janye da rani, taɓo ya bushe ya tsattsage. Wannan bushewa ita ce ke hana kacala yaɗuwa. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Calawa. Sun kawo noman rani da ruwan sha, ba mai musun wannan. Amma tun daga nan a kan sako ruwa har cikin rani, gulbi ba ya bushewa, ba ya kuma zuwa da ƙarfin da zai kwashe laka. Ruwa mara zurfi da laka mai kauri, abin da kacala ke so ke nan.

Da ta toshe hanya, sai ruwa ya nemi wata. Ya karkata ta mashigar Marma wajen Nguru, ya ci gonaki da makiyaya, alhali kuwa waɗansu rassan gulbin suna ƙishirwa. Masunta suka rasa wurin jefa koma. Jan baki ya sami masauki, yana fitowa yana cin shinkafa da gero. Duk wannan hasarar dukiya ce. Ta lafiya kuwa ta fi ta.

Yadda tsargiya ke shiga jiki

Waɗansu suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, ko kuwa zafin rana ke kawo shi. Ba haka ba ne. Cuta ce, wata 'yar tsutsa ke kawo ta, ga kuma yadda ta ke kewayawa.

Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa. Cikin fitsarin nan akwai ƙwayayen tsutsa, ido ba ya ganinsu. Su ƙyanƙyashe, su nemi wata ƙaramar katantanwa wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, su shiga jikinta. Bayan kamar wata guda sai su riƙa fitowa dubu-dubai, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata su ke shiga, cikin 'yan mintoci. Su girma cikin jijiyoyin jini, su zauna kusa da mafitsara, su yi ta ƙwai shekara da shekaru. Bayan wata biyu ko uku da shigarsu sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Akwai kuma irin da ke zama a hanji, ƙwayayensa suna fita cikin bayan gida.

In an bar ta, yaro ya rasa jini, ya rame, karatu ya gagare shi. In ta daɗe ta kan ɓata mafitsara da ƙoda da hanta. Ga mata kuwa ta kan taɓa mahaifa, har ta hana haihuwa.

To, ku lura da wannan. Tsutsar nan ba ta iya tashi daga mutum ta shiga mutum sai ta bi ta jikin katantanwa. Katantanwa kuwa gidanta da abincinta ciyawar ruwa ce, musamman mai kwanciya ƙarƙashi. Har wa yau, inda ciyawa ta tsai da ruwa nan sauro ke hayayyafa, ƙananan kifayen da ke cin 'ya'yansa ba su iya kaiwa gare su.

Abin da aka gani a Senegal

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A ƙasar Senegal an gama madatsar Diama a 1986. Kacala ta mamaye gaɓar kogi, katantanwa ta yawaita. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard Toll, inda da ba a san ta ba, cikin 'yan shekaru ta game gari.

A can ne kuma masana suka gwada wata dabara, suka bayyana sakamakonta a 2023. Sun ɗauki ƙauyuka 16. A takwas daga ciki aka riƙa kwashe ciyawar ƙarƙashin ruwa daga mashaya a kai a kai, har aka fid da kimanin tan 430 cikin shekara uku. Sauran takwas aka bar su yadda su ke. Da aka auna 'yan makaranta, sai aka tarar tsargiyar hanji ta fi sake kama yaran ƙauyukan da ba a share ba. Ciyawar da aka kwashe kuwa aka yi taki da ita, aka kuma ciyad da dabbobi. Da manjagara da hannu aka yi wannan aiki, ba da wani babban inji ba.

In kamfani ya zo

Buɗe babbar hanyar ruwa ya fi ƙarfin lauje. Don haka hukuma ta kan ba kamfanonin gyaran muhalli kwangila. Su kan zo da jirgi mai wuƙaƙe a gaba, yana yanka yana kwasa, da katafila mai tafiya bisa ruwa tana yashe laka. Ku karɓe su hannu biyu. Amma kada ku tsaya kallo kawai. Mai unguwa da sarkin ruwa da malamin tsabta su zauna da shugaban ma'aikatan tun ran farko, su daidaita a kan abu biyar.

Na ɗaya, a yanke kacala ƙarƙashin ruwa. Ta ganyenta ta ke aika iska zuwa saiwa. In an yanke ta ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta kan shaƙe. In an yanke ta a sama, ko an sa mata wuta, gyaran fuska aka yi mata, za ta toho fiye da da.

Na biyu, a yanke ta tun ba ta fid da kai ba. Kai ɗaya yana ɗauke da iri dubu-dubai, iska ke watsa shi.

Na uku, abin da aka yanka da lakar da aka yasa a kai su tudu, nesa da gaɓa. In an jibge su a bakin ruwa, ruwan farko zai mai da su ciki, da saiwa da katantanwa duka.

Na huɗu, kada a aske gaɓa ƙwal. A buɗe tsakiyar hanya ruwa ya gudana, a share mashaya da wurin wanki sarai, amma a bar wani sashe saboda kifi da tsare gaɓa. Masunta sun san inda kifi ke ƙwai, sai a tambaye su.

Na biyar, ku tambaya yaushe za su komo. Yanka ɗaya ba ya kashe kacala, sai an maimaita sau biyu ko uku cikin shekara. Aikin da ba shi da ranar komowa rabin aiki ne.

In sun ce za su fesa magani, a faɗa muku sunansa da ranar, da kwana nawa za ku ƙaurace wa ruwan. Ku kuwa kada wani ya ɗauki maganin ciyawar gona ya zuba cikin gulbi. Zai kashe kifi, ya cuci masu sha da dabbobinsu.

Naku aikin

Inji zai tafi wani gari, ku ne za ku zauna da ruwan. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku sa ranar gayya a kai a kai, ku bi mashaya da manjagara da lauje, ku tuge duk wadda ta toho tun tana ƙarama.

Masu shiga ruwa su sa dogon takalmin roba da safar hannu. A yi aikin da sassafe, kafin tsutsa ta fito da yawa. Wanda ya jiƙe ya goge jikinsa sosai da tsumma nan take. Kada a sa yara wannan aiki ko kaɗan.

Ciyawar da kuka kwashe ba shara ba ce. Ku tara ta tudu, ku haɗa da kashin dabbobi, ta ruɓe ta zama taki. Busasshiyar kacala tana yin jinka da tabarma. A Senegal da Muritaniya har gawayi a ke yi da ita, a huta da saran itace.

Sauran abin da ya rage kun san shi, amma tuni ba laifi ba ne. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko kusa da shi, kowane gida ya haƙa masai. Ruwan wanka in daga gulbi aka ɗebo, a bar shi cikin randa kwana biyu, tsutsar ba ta wuce haka da rai. Ruwan sha kuwa a tafasa shi. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko na ɗansa, ya zo ɗakin shan magani ba da jinkiri ba. Akwai ƙwayar da a ke kira praziquantel, a kan auna tsawon mutum ko nauyinsa a ba shi, ya sha bayan ya ci abinci. In an zo rabonta a makaranta, ku bar 'ya'yanku su sha. Tana kashe tsutsar da ke cikin jiki, amma ba ta hana wata shiga gobe. Wannan kam sai share mashaya.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai maganar gaban mai unguwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.