Abin Da Ke Sa Saniya Ta Riƙe Nono

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin masu sayen shanun tatsa da dillalai a ƙasar Jibiya. Mutumin Farfaru ko na Magama ya tara kuɗin amfanin gonarsa, ya tafi kara ran Lahadi, ya sayi saniya da ɗan maraƙinta wadda aka koro daga wajen Ɗan Isa ko Maraɗi. Mai ita ya rantse masa tana cika ƙwarya safe da yamma. A kai ta gida, a yi tatsa, a sami abin da bai wuce ludayi uku ba. Sai magana ta tashi. Mai saye ya ce an cuce shi, dillali ya ce sai dai in baki ne ya kama ta. Wani lokaci har a je gaban mai gari, ko kuwa a mayar da ita kasuwa a sayar da hasara.

To, sau da yawa mai saniyar bai yi ƙarya ba. Nonon yana nan cikin hantsa, ƙofarsa ce ba a buɗe ba. Mabuɗin kuwa yana cikin kan saniyar.

Ga yadda abin yake. Cikin hantsa kamar soso ne, cike da 'yan mitsi-mitsin jakunkuna inda ake ƙago nono. Abin da ke gangarowa ya taru kusa da kan nono, inda hannun mai tatsa ke iya samu, bai fi kashi 1 cikin 5 ba. Sauran yana can sama. Kowace jaka an naɗe ta da siraran zaren tsoka, kuma ba su matsawa sai umurni ya zo musu ta cikin jini.

Umurnin yana fitowa ne daga wani ɗan ƙullutun nama da ke rataye ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira fituwitari. A saniya bai kai rabin goro ba. Mahaucin da ya fasa kai da hankali zai same shi zaune cikin ɗan ramin ƙashi. Gida biyu gare shi. Na gaba yana sakin sinadaran da ke kula da girma da barbara da ƙago nono. Na baya kuwa rumbu ne, inda ake ajiye sinadarin da ke matso nono, mai suna oksitosin.

An daɗe ana bin sawun wannan abu. A 1910 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Ott da Scott, suka yi wa akuya mai shayarwa allurar ruwan wannan ƙullutu, nan take nono ya zubo. A 1953 wani masani mai suna du Vigneaud ya haɗa sinadarin da hannunsa, har aka ba shi lambar Nobel a 1955. Amma duk da haka ba a san yadda ake buɗe rumbun ba.

Sai a 1973 waɗansu masu binciken ƙwaƙwalwa biyu, Wakerley da Lincoln, a birnin Biristol na Ingila, suka ga abin da idonsu. Suka sa wa ɓera mai shayarwa maganin barci, suka soka wata siririyar allura mai jin motsin lantarki cikin gindin ƙwaƙwalwarta, 'ya'yanta suna tsotso. Watau jikin kowace dabba yana da ɗan lantarkinsa, da shi jijiyoyi ke aika saƙo, kamar yadda ake buga waya. Suka tarar ƙwayoyin da ke ƙera oksitosin suna bugawa jefi-jefi. Can sai su ɓarke gaba ɗaya, bugunsu ya ninka sau 20 zuwa 40, na sakan 2 zuwa 4 kawai, kamar makaɗa sun haɗa ganga. Bayan sakan 10 da 'yan kai sai nono ya sauko, 'ya'yan su miƙe suna zuƙa.

Wani masani kuma, Douglas, ya nuna abin da bugun ke yi in ya isa rumbun. Yana buɗe waɗansu 'yan ƙofofi, kalsiyam ya shiga, watau sinadarin nan na cikin ƙashi da ɓawon ƙwai, shi ne ke sa a tuttuɗo ajiyar cikin jini. A 1975 wani ɗan Japan mai suna Kidokoro, sa'an nan a 1977 Douglas da abokin aikinsa a jami'ar Yel, suka gano ƙwayoyin gidan gaba ma suna da irin wannan bugu nasu.

Saboda haka tafiyar ke nan. Maraƙi ya tunkuyi hantsa ya kama nono, saƙo ya bi laka ya hau kai, lantarki ya buga, rumbu ya buɗe, jini ya kai sinadarin hantsa. A saniya duka wannan yakan ɗauki minti 1 ko 2. Shanun ƙasar nan masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokolo, galibi ba su sakin nono sosai sai maraƙi ya fara. Don haka ne makiyaya a ƙasashe da dama, in maraƙi ya mutu, sukan cusa ciyawa cikin fatarsa su ajiye gaban uwar. Dabarar tasu daidai take da abin da masana suka gano.

Tsoro kuwa yana yanke wayar. A 1941 Ely da Petersen a Amurka suka ɗora kyanwa bisa gadon bayan saniya, suna fasa jakar takarda kusa da ita kowane sakan 10 har minti 2. Nono ya ƙi saukowa. Daga baya suka ga ko babu kyanwar, ƙarar kaɗai ta isa. In saniya ta firgita, jijiyoyin jinin hantsa suna tsukewa. In kuma tana baƙon wuri, ƙwaƙwalwa takan ƙi ba da umurnin ɗungum. To, a duba saniyar da ta sha tafiya, ta wuni cikin hayaniyar kara, ta kwana a baƙon turke, baƙon hannu yana taɓa ta. Haka nan shanun da aka yi ƙaura da su cikin dare don gudun ɓarayi. Ina za su saki nono?

Ga abin da ya kamata mai sabuwar saniya ya yi. Kada ya raba ta da maraƙinta. Ya ba ta kwana bakwai ta saba. A riƙa tatsa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da hannun mutum ɗaya. A kori kare da yara masu ihu, a ajiye sanda. A zuba mata 'yar dusa da kanwa. A goge hantsa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a bar maraƙi ya fara, da an ji nono ya cika ya yi tauri sai a shiga tatsa ba tsayawa, gama jini yana share sinadarin cikin 'yan mintoci. A kuma rage wa maraƙi rabonsa, shi ne saniyar gobe.

Kada a yarda da mai tallar allurar sakin nono a kasuwa. Oksitosin magani ne na hannun likita. Saniyar da aka saba mata da shi takan daina saki da kanta, mai ciki kuwa yana iya jawo mata wahala.

In mako ya wuce ba a ga canji ba, sai a nemi malamin dabbobi, don yunwa da sammore da ciwon hantsa duk suna rage nono. Mai shirin saye kuma ya tuna akwai masu barin saniya ba tatsa don hantsa ta kumbura ran kasuwa. In da hali, ya je mashekarinta ya ga an tatse ta sau biyu a gabansa kafin ya biya la'ada. Gani ya kori ji.