Gwanjon Kwastam na bogi da sauran tarkunan kasuwar intanet

Tallan yakan zo ne a Facebook ko a wani zauren WhatsApp na abokan aiki: mota ƙirar Corolla a rabin kuɗinta, ga hoton wani mutum cikin kakin Kwastam, yana cewa gwanjon motocin da aka kama ne. Da farko zai nemi kuɗin fom kawai. Daga nan sai kuɗin fitar da takardu, sai na direban da zai kawo motar Abuja daga Legas. Kowane biya yana jawo na gaba, domin wanda ya riga ya zuba dubu ɗari biyu ba ya son yarda cewa sun salwanta.

Hukumar Kwastam ta sha gargaɗi a kan wannan. Tun 2017 take yin gwanjo ta shafinta na intanet, inda mai saye ke rajista da lambarsa ta biyan haraji, kuma ba a tura kuɗin gwanjo asusun wani jami'i. Abin mamaki shi ne ma'aikacin da ya san kuɗin gwamnati ta Remita suke bi, shi ne kuma zai tura albashinsa asusun baƙo saboda ya ga kaki a hoto.

Jiji da kasuwar Facebook allunan talla ne. Kuɗin ciniki ba ya bi ta hannunsu, kuma Jiji da kansa yana jan kunnen masu saye kada su biya kafin su ga kaya. Saboda haka hadimin da maigidansa ya aika neman waya gara ya ce a haɗu da rana a wuri mai jama'a, kamar Banex a Wuse 2. Ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI da ta jikin kwali; idan iPhone ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabansa. Idan sunan da banki ya nuna ya saɓa da na mai sayarwa, aka ce “asusun ƙanena ne”, to, cinikin ya ƙare.

Wanda aka riga aka damfara, lokaci ne jarinsa. Kuɗin kan isa cikin daƙiƙu, ɗan damfara kuma ya rarraba su zuwa wasu asusun ko ya cire a wurin masu POS. Sai ya sanar da bankinsa nan take, a rubuce, tare da shaidar turawa da hotunan hirar. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar koke. Zamba aikin EFCC ce da cibiyar ’yan sanda ta laifukan intanet. Ɗan kasuwa na gaskiya da ya kawo kaya maras kyau kuwa, FCCPC ake kai wa ƙararsa.

Ga hadimi, abin ya fi ciwo, domin kuɗin ba nasa ba ne. Kwana biyun da zai yi yana jin nauyin gaya wa maigida sun ishi ɗan damfara ya kwashe asusun.