Nishi-Shinjuku: Yadda Dogayen Benaye Suka Tsaya a Ƙasar Girgiza

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke birnin Tokyo, ya fita ta ƙofar yamma, tafiyar 'yan mintuna za ta kai shi tsakiyar wasu benaye da sai ya ɗaga kai sosai kafin ya hango ƙarshensu. Wannan unguwa ita ce Nishi-Shinjuku, matattarar ofisoshin kamfanoni da manyan otal-otal da hedikwatar gwamnatin birnin. Fasinjoji kimanin miliyan 3 ne ke ratsa tashar a kowace rana, da yawansu ma'aikatan waɗannan ofisoshi ne. Abin tambaya shi ne, ta yaya ƙasar da girgizar ƙasa ta zame mata jiki ta yarda ta tara dubban mutane a hawa na 40 da na 50?

Ba haka Japan ta faro ba. Tun daga 1920 doka ta hana gini ya wuce tsayin mita 31. Da girgizar 1923 ta hallaka mutane sama da 100,000 a Tokyo da kewayenta, sai injiniyoyi suka ƙara riƙe ra'ayin cewa gajeren gini mai kauri, wanda ba ya motsi, shi ne mafita. Wani shehin malami mai suna Kiyoshi Muto na cikin waɗanda suka sauya wannan tunani. Da taimakon kwamfuta ya nuna cewa dogon ginin ƙarfe da aka ba shi damar rangaji, kamar gora a cikin iska, yana shanye ƙarfin girgiza a hankali, maimakon ya tsaya ƙyam har ya karye. A 1963 aka gyara doka, a 1968 kuma aka kammala benen Kasumigaseki mai hawa 36, wanda ya buɗe ƙofa ga saura.

Saura fili. A yammacin tashar Shinjuku akwai matatar ruwa ta Yodobashi, wadda ta shayar da birnin tun daga 1898 har aka rufe ta a 1965. Makeken filin da ta bari yana kan tudu mai ƙasa mai tauri, ga shi kusa da tasha. Hukuma ta yanka shi manya-manyan fuloti, ta shata tituna masu faɗi tun kafin a kafa tubali. Har gobe ana ganin sawun matatar: mai tafiya a ƙasa zai iske wani titin yana wucewa ta saman wani, ya bi matakala kafin ya canza hanya, domin wasu titunan a bakin tsofaffin tafkunan matatar suke, wasu kuma a ƙasansu.

Otal ɗin Keio Plaza mai hawa 47 ne ya fara tashi a 1971. A 1974 benen Sumitomo mai kusurwa uku da benen Mitsui mai hawa 55 suka biyo baya. A 1991 gwamnatin Tokyo ta tare a hedikwatarta mai tsayin mita 243, wadda Kenzo Tange ya zana. A hawa na 45 akwai wurin kallon gari kyauta, inda ake hango dutsen Fuji idan sama ta washe.

Babbar jarrabawa ta zo ranar 11 ga Maris, 2011, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 9 ta auka wa arewa maso gabashin ƙasar. Ko da yake cibiyarta na da nisan ɗaruruwan kilomita, benayen Shinjuku sun yi ta rangaji na tsawon mintuna, liftoci suka tsaya, kujeru masu taya suka riƙa yawo a ofisoshi. Babu benen da ya faɗi. Amma an gane cewa girgiza mai tafiyar hawainiya da ke zuwa daga nesa ta fi wahalar da dogon gini fiye da gajere.

Masu benayen ba su tsaya yabon kai ba. A 2015 aka ɗora wa benen Mitsui wasu dunƙulallun ƙarafa guda 6 a kan rufinsa, kowanne tan 300, rataye da igiyoyin ƙarfe. Idan ginin ya karkata dama, nauyin sai ya ja baya ta hagu, rangajin ya ragu. Wasu benayen kuma aka saka musu na'urori masu mai a tsakanin ginshiƙai, su riƙa tsotse motsin.

Darasin a bayyane yake. Tsayin Nishi-Shinjuku ya tsaya ne a kan bincike, da dokar da ake bi, da kuma komawa a sake duba gini ko da ya shekara 40 lafiya lau. Duk garin da ke sha'awar dogayen benaye, ya fara da gwada ƙasarsa, ya tabbatar da ingancin rodi da siminti, ya kuma hukunta wanda ya ha'inci aiki. Rigakafi dai ya fi magani.