Kuza Na Da Farashi, Ƙasar Filato Fa?

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru ko Barikin Ladi zai ga tsibin jar ƙasa da kududdufai birjik. Wannan shi ne gadon haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara wajen 1904. Kowane buhu an auna shi, an yi masa kuɗi, an kai Ingila. Amma gonakin Birom da aka tone ba a yi musu irin wannan lissafi ba. Da kasuwar kuza ta karye a 1985, aikin manyan kamfanoni ya durƙushe, aka bar talakawa da ramuka.

To, yaya ake yi wa irin wannan ɓarna kuɗi? Masana tattalin arziki kan lissafa acca da dankalin da gonar za ta bayar kowace shekara da ba a tone ta ba, ko abin da za a kashe wajen cike rami har ƙasa ta sake karɓar shuka. Sa'an nan a ɗebe amfanin da ake samu, domin da ruwan kududdufan nan 'yan lambu ke noman tumatir, kabeji da karas da rani. Rayukan da suka salwanta a cikinsu kuwa, babu sikelin da zai ɗauka.

Tun 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun gyaran muhalli. Sai dai mai neman diyya ba adadi a hannunsa, abin da aka ga dama shi ake ba shi.