Me ya sa sikeli ɗaya ke nuna awo daban a Kano da Landan?

A bakin ɗan kasuwa, kalmar nauyi ɗaya ce. Idan an ce buhun shinkafa kilo 50 ne, magana ta ƙare. Amma masana kimiyya sun raba wannan kalma gida biyu, kuma rabuwar tana shafar duk mai saye ko sayarwa da sikeli.

Na farko shi ne ƙunshiya, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa. Da kilo ake auna ta, kuma ba ta sauyawa duk inda aka kai kaya, matuƙar ba a ɗebi ko ƙwaya ɗaya ba. Na biyu shi ne nauyi na ainihi, wato ƙarfin da duniya ke janyo kaya zuwa ƙasa. Ma'auninsa Niyuton, sunan masanin Ingila Isaac Newton. A doron ƙasa, ana jan kowane kilo da ƙarfin kusan Niyuton 9.8, saboda haka nauyin buhun nan ya kai Niyuton 490.

Da za a kai buhun duniyar wata, inda ƙarfin jan ya kai kashi ɗaya cikin shida kawai na duniyarmu, sikelin rataye zai nuna kilo 8 da ɗoriya. A duniyar Mas kuwa zai nuna kusan kilo 19. Yaro ma zai iya ɗaga shi a wata, amma shinkafar da ke ciki za ta ciyar da mutanen da za ta ciyar a Kano, ba ragi.

Ko a nan duniya, ƙarfin jan ba ɗaya ba ne a ko'ina. A shekarar 1672, masanin taurari ɗan Faransa Jean Richer ya tafi Kayen da ke Kudancin Amurka da agogo mai lilo wanda aka saita a Faris. Sai ya tarar agogon yana latti da kusan minti biyu da rabi a kowace rana. Newton ya bayyana dalili a littafinsa na 1687: duniya ta ɗan kumbura a tsakiyarta, kuma juyawar da take yi tana rage ƙarfin jan a can. Wanda ke kusa da layin tsakiyar duniya ya fi wanda ke ƙuryar arewa nisa da cibiyarta da kimanin kilomita 21. Shi ya sa jan ke kusan 9.78 a tsakiya, ya kai 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu.

A nan ne batun ya iso kasuwa. Sikelin rataye da na lantarki ƙarfin jan suke ji, sannan su mayar da shi kilo. Najeriya tana kusa da tsakiyar duniya, don haka sikelin da aka saita a Landan, idan aka kawo shi Kano ba a sake saita shi ba, zai rage kusan giram 3 a kowane kilo. A buhun shinkafa, giram 150 ke nan, abin da ba zai tayar da hankali ba. Amma mai sayar da zinare da ya rasa kuɗin giram 3 a kilo ya san ya yi asara. Mai sayen riɗi ko citta tan-tan shi ma lissafinsa zai karkace da kilo 3 a kowane tan.

Tsohon sikeli mai faranti biyu ya tsira daga wannan matsala. Yana gwada kaya ne da dutsen awo, kuma ƙarfin jan da ya sauka a kan ɗaya shi ne ya sauka a kan ɗayan. Ko a wata aka kai shi, kilo zai tsaya kilo.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake saita sikeli mai tsada a wurin da za a yi aiki da shi, da duwatsun awo da aka tantance. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya ne ke da alhakin duba sikeli. Ɗan kasuwar da ya sayo sabo daga waje, zai fi masa alheri ya sa a saita shi kafin ya ɗora kayan farko.